Ƙaramin ciki da faɗuwar gaba: yadda za ki bi da watanni ukun farko

Ranar awo, kafin ƙarfe takwas benci ya cika. Masu tsohon ciki ne a gaba, suna hira suna shewa, ana cinikin ƙuli-ƙuli da tuwon madara ta ƙarƙashin hijabi. Wadda nake nema da ido ita ce ta can ƙarshen benci, wadda ko alamar ciki babu a jikinta, ta ƙanƙame jaka, tana tofar da yawu a gwangwanin madara. In layi ya zo kanta na ce me ke tafe da ke, amsar kusan ɗaya ce: "Malama, gabana ka faɗuwa, ko kwana ban iyawa." In auna jini, bai hau ba. In duba fitsari, lafiya lau. A da sai in ce mata laulayi ne zai wuce, in miƙa mata ƙwayoyin ƙarin jini, in kira ta gaba. Na yi shekaru a haka a wani ƙaramin asibitin unguwa a nan Gusau, kafin abin ya zo kaina.

Cikina na biyu ya zube yana da wata biyu da 'yan kwanaki. Da na uku ya shiga, ni da nake tsayawa gaban mata ina yi musu bayani, sai ga ni ina zagayawa bayi ya fi sau goma a wuni don in duba zanena. Tuwo ba ya wucewa, barci sai na ɓarawo. Ban gaya wa kowa ba, har maigidana. Ran da na ga ɗigon jini na hau kabu-kabu na tafi wani asibiti inda ba a san ni ba, don kunyar abokan aiki. Wadda na tarar ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Ke kaɗai ke da ciki a garin nan?" Na dawo gida na shige ɗaki na ja ƙofa. Yaron nan yanzu yana sakandare, takalminsa ya fi na babansa girma. Amma watanni ukun da na yi a wancan hali ba na yi wa maƙiyina fatansu.

Abin da na gano, ƙanwata, shi ne lokacin da tsoro ya fi yawa shi ne kuma lokacin da al'adarmu ta ce a ja baki a yi shiru. Ga kunyar cikin fari, ga tsoron kambun baka, ga kishiya, ga kada a faɗa ya zube a shiga bakin duniya. Ciki bai fito ba balle a tausaya miki, ɗa bai fara motsi ba balle ki san yana nan. Ke kaɗai, da amai, da tunani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 masu ciki a duniya na fama da matsalar damuwa, a ƙasashe irin namu kuma adadin ya haura kashi 15 cikin 100. Ki lissafa da bencin awo ɗaya ki gani.

Fara da ƙidaya

Tsoron da ba shi da ranar ƙarewa ya fi cin rai. Don haka abu na farko, ki tuno ranar da jininki na ƙarshe ya fara zuwa, ranar farko, ba ranar da kika yi wanka ba. Ki rubuta a takarda, ko a waya, ko da gawayi a bayan ƙofa. Daga ranar ake lissafin sati 40, wato kwana 280, kusan wata tara da rabi in da watan sama kike ƙirge. In ba ki riƙe kwanan wata ba, ki jingina shi da wani abu: saura kwana nawa a yi ƙaramar salla, ko ranar sunan gidan wa.

Da wannan lissafin za ki san inda kike. Laulayi yakan fara wajen sati na 6. Sinadarin da tsinken gwaji yake kamawa a fitsari, hCG, yana ta hawa har wajen sati na 10, daga nan ya soma sauka, shi ya sa yawancin mata sukan samu sauƙi tsakanin sati na 12 da na 16. Yawancin ɓari ma a cikin sati 12 na farko yake faruwa, in kin haye nan hatsarin ya ragu ƙwarai. Motsi kuwa kada ki jira shi yanzu. Mai cikin fari takan ji shi wajen sati na 18 zuwa 20, wadda ta saba haihuwa tana iya ji tun sati na 16. Na ga yarinyar da ta kwana uku tana kuka wai ɗanta ba ya motsi, alhali cikin sati tara ne.

Kuma kada ki yi gaggawar zuwa sikanin da zarar tsinke ya nuna layi biyu, in dai babu jini babu ciwo. Kafin sati na 6 ko na 7 sau da yawa ba a ganin bugun zuciya, mai hoton ya ce ki dawo bayan sati biyu, ki kwashi sati biyun nan ba ci ba barci. Ki bari ya kai sati 8. Awo dai ki fara shi da wuri. Tun 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, na farko a cikin sati 12. Mu a nan sai ciki ya kai wata biyar ko shida ake zuwa yankar kati, bayan an gama shan wuyar a ɓoye.

Ki ware abin da jiki ne ya kawo

Ba kowace faɗuwar gaba ce daga tunani ba. Ƙarancin jini yana sa zuciya dukan uku-uku, da haki, da jiri in kin miƙe. Ki nemi a gwada yawan jininki. In abin da aka rubuta a kati, PCV, ya gaza 33, akwai gyara. Zazzaɓin cizon sauro ma haka, kuma shi yana iya taɓa cikin, don haka zazzaɓi a ƙaramin ciki na gwaji ne, ba na aika yaro kemis ba. Fansida da muke bayarwa a awo sai ciki ya shiga sati na 13 ake fara ta, kafin nan gidan sauro ne garkuwarki. Maƙoƙo, ko da bai fito fili ba, yakan kawo rawar hannu da gumi da bugun zuciya. In kina ramewa da waɗannan, ki faɗa wa likita.

Sai goro. Mata da yawa suna ɓantararsa don ya tsayar musu da yawu, su ɗora da shayi mai kauri da baƙin lemon kwalba, sannan su zo suna cewa barci ya ƙaurace. Duk ukun suna da sinadarin da ke hana barci ya kuma ƙara bugun zuciya. Ki rage, bayan la'asar kuma ki bari gaba ɗaya. Don tashin zuciya, ki ajiye busasshen burodi ko biskit kusa da matashi, ki ɗan ci kafin ki sauko daga gado. Ki riƙa ci kaɗan-kaɗan, kada ciki ya zauna wayam, don yunwa ma tana sa jiki ɓari. Ruwan citta mai ɗumi yana taimaka wa da yawa. In jar ƙwayar ƙarin jini tana tayar miki da zuciya, ki sha ta da dare bayan kin ci abinci, ba da shayi ba, ki kuma gaya mana. 'Yar mitsitsiyar ruwan ɗorawan nan, folik asid, ita kam kada ki tsallake ta, a makonnin farko take aikinta wajen haɗuwar ƙashin bayan jariri da ƙwaƙwalwarsa. In azumi ya riske ki a wannan hali, malamai sun yi bayani: mai cikin da ke tsoron cutuwa ta sha, ta rama daga baya.

Ki kira tsoron da sunansa

Yanzu in mace ta ce gabanta na faɗuwa, nakan ajiye biro in ce, "In kin farka tsakar dare, mi ka fara zo miki a rai?" Nan ne magana take fitowa. Ke ma ki yi wa kanki wannan tambaya, ki ba da amsa da baki, ko da ke kaɗai ce a ɗaki.

Mafi yawa ɓari ne, musamman ga wadda ta taɓa yi, ko ta haifi ɗa ba rai, ko ta yi shekaru tana nema ana yi mata gori. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Ga abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya gaya mini a lokacin. Kusan rabin ɓarin farkon ciki daga ƙwayar halittar ne, tun ranar da ta haɗu ba ta haɗu daidai ba, babu abin da uwa ta yi, babu abin da za ta iya yi. Daka, shara, ɗaukar bokitin ruwa, cin yaji, razana, kwanciyar aure a cikin da ke lafiya, babu wanda aka tabbatar yana zubar da ciki. Ita kanta damuwar da kike yi ba ta zubar da shi, don na san wannan ma ya zama wani sabon abin tsoro: ki damu, sannan ki damu da cewa kin damu. Mafi yawan matan da suka yi ɓari sau ɗaya, cikin da ya biyo baya lafiya suke sauka. Ɗigon jini kaɗan kuma har mace 1 cikin 4 tana ganinsa a farkon ciki, da yawa cikinsu ya ci gaba. Ki zo a duba dai, kada ki yanke wa kanki hukunci a bayi. In ɓarin ya kai biyu ko uku a jere, wannan na bincike ne wurin likitan mata, a duba suga, da maƙoƙo, da mahaifa. Wadda mijinta ke aikin zinariya, ta tuna ɓarnar da gubar dalma da ke cikin dutsen zinariya ta yi a Bagega da ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010: kada a daka dutse a cikin gida, kayan aiki kuma a tuɓe su a waje.

Wata kuma tsoronta kwanika ne. Goyo bai shekara ba ga wani ya shiga, tana jin kunyar uwar miji, tana tsoron nono ya lalace ya kashe na hannu. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Yakan ragu, ɗanɗanonsa ya sauya, amma yaye na dare ɗaya a kai yaro gidan kaka shi ya fi kwantar da yara. Ki ci gaba da ba shi, ki ƙara masa kunu da abinci, ke ma ki ƙara ci.

Akwai mai 'ya'ya mata huɗu da ake jira a ga me za ta haifa. Ga wannan magana ɗaya ce, kuma na fi son in faɗe ta a gaban mijin: ƙwan mace iri ɗaya ne kullum, daga maniyyin namiji ne ake samun abin da ke sa ɗa ya zama namiji ko mace, da ikon Allah. Akwai wadda ita da mijinta duk AS ne, ta riga ta binne ɗa ɗaya da sikila. Kowane ciki da nasa lissafin, 1 cikin 4 ne zai iya zuwa da SS, uku ba haka ba. Cikin baya ba ya bin na gaba bashi. Akwai wadda aka yi wa aiki a haihuwar da ta wuce, ko ta ga yayarta ta yi jijjiga a gabanta. Ita maganin tsoronta shiri ne tun yanzu: a wane asibiti za ta haihu, wa zai kai ta in dare ne, wa zai ba da jini, nawa za a riƙa jefawa a asusu duk sati.

Sai wanda ya fi ƙarfina, na tsaro. Matan da suka baro ƙauyukan Maru, Zurmi, Shinkafi da Tsafe suna raɓe a kangaye da gidajen dangi a Gusau, wasu da ciki suka gudo. Wata ta ce mini ko ƙarar babur ta ji da dare sai mararta ta ɗaure. A watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a jihar nan, na ga mata masu ƙaramin ciki da mazansu ke kan hanya, ba labari, ba kuɗin cefane. Ba zan ce wa irin wannan mace ta daina tunani ba, rainin hankali ne. Abin da nake iya yi shi ne in taya ta ware abin da ke hannunta daga wanda ba ya hannunta, mu kama na hannun.

Mutum ɗaya

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na yarda. Ban ce ki yi shela a gidan biki ba. Mutum ɗaya nake so ki zaɓa, tun a satin da kika sani. Ki auna ta da abu biyu: ta taɓa riƙe miki sirri? In kin faɗa mata damuwa, saurare take yi ko labarin wadda ta mutu wurin haihuwa take jawo miki? In mahaifiyarki ce kuma kunya ta hana, ki bi ta wurin gwaggo ko yaya, haka iyayenmu suka yi. Ki ce mata kai tsaye, "Yaya, na yi ɓatan wata, kuma tsoro nake ji. Ba magani nake so ba, so nake in na kira ki ɗauka." A bincike da a benci duka, matar da ba ta da wanda za ta jingina da shi ita ta fi shiga wannan hali.

Malam maigida, in kai ne kake karanta wannan, ga naka. In ta ce warin miya ko turarenka na tayar mata da zuciya, ba raini ba ne, hancin mai ƙaramin ciki ya fi naka ji nesa ba kusa ba. Kada ka ce mata "Inna ta haifi goma ba ta yi wannan langaɓewa ba." Kuɗin kati da na mota ka ba ta kafin ta roƙa, roƙon ma wani nauyi ne. In kana da mata biyu, ka san ranar girki ga mai laulayi azaba ce, ka samo mai taya ta ko ka sayo na waje ba tare da ka mai da shi abin magana ba. In tafiya ta kama ka, ka bar izinin zuwa asibiti a bayyane, a gaban mahaifiyarka, don na sha ganin mace tana zubar da jini ana jiran waya ta shiga. Ranar sikanin kuma ka bi ta. Na ga maza masu taurin kai sun yi laushi da suka ga ɗan ɗigon nan yana harbawa a allo.

Dare

Da rana hidima tana ɗauke hankali, dare ne abin ji. Waya ta fita daga gado. Bidiyon tiyata a TikTok da labaran zaurukan WhatsApp na mata, inda kowa likita ce, ba abin kallon mai ƙaramin ciki ba ne da ƙarfe ɗaya na dare. In gaba ya faɗi, ki tashi zaune, ki ɗora hannu a ciki, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali ta baki kina ƙirga shida, kamar mai hura kunu. Ki yi sau goma. Fitar da numfashi a hankali yana rage gudun zuciya. Ni da tasbihi nake haɗawa, kowane numfashi da nasa. Tunanin da ya nace kuma ki ce masa sai da safe, ki ware masa ɗan lokaci bayan kin karya, ki zauna ki yi shi da gangan. Da hasken rana yawancinsu sukan ƙanƙance. Da yamma ki ɗan taka, ko zagayen tsakar gida ne, wuni a kwance yana ƙara kasala da saƙe-saƙe.

Za a samu mai ce miki rashin tawakkali ne. Alƙur'ani da kansa, a aya ta 14 ta Suratu Luƙman, ya kira ɗaukar ciki rauni a kan rauni. Ki yi addu'arki, ki yi azkar, ki sha tofi. Abin da nake roƙo kada ki sha shi ne jiƙon da ba ki san me ke ciki ba, da ƙwayar barci ta kemis irin su Valium, da tiramol, da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana tun 2018 amma har yau yana yawo a ɗakunan mata. In kuwa dama likita ya ɗora ki a kan maganin farfaɗiya ko na damuwa, kada ki yanke shi da kanki don kin ga layi biyu, ki koma wurinsa a satin, shi zai san wanda za a canza.

In abin ya wuce na gida

Tambaya biyu muke yi. A sati biyun da suka wuce, yawancin kwanaki kina cikin zullumi da ɗar-ɗar? Kin kasa tsayar da tunanin ko kin so? In amsar e ce, kuma ya hana ki ci, ko barci, ko kula da yara, ya zama ciwo mai magani, kamar hawan jini. Ana yi da zaman tattaunawa da ƙwararre, akwai kuma magungunan da likita ke iya ba mai ciki. Ki nemi a tura ki Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibitin Yariman Bakura. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Kware a jihar Sakkwato, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. In tunanin ki cutar da kanki ya taɓa gilma miki, ko ana dukanki a gida, ranar za ki faɗa, ba gobe ba.

Waɗannan kuwa ba a kwana da su: jini mai jiƙa ƙunzugu ko mai gudaji, ciwon mara mai tsanani musamman a gefe ɗaya, da jiri ko suma ko ciwon kafaɗa, don yana iya zama ciki a wajen mahaifa, zazzaɓi mai zafi, aman da ko ruwa ba ya zama wuni guda, fitsari ya ragu ya yi ja.

In kin zo awo, kada ki tsaya a "lafiya lau." Ki ce, "Malama, bayan amai akwai abin da ke damuna." In kin tarar da mai faɗa irin wadda na tarar, ki koma benci ki jira layi ya ragu, wajen azahar mun fi sauraro, ko ki nemi wata. Ki zo da kwanan watan da kika rubuta, da tsohon katinki in kin taɓa ɓari ko aiki, da kwalin duk maganin da kike sha, har da jiƙon da Inna ta aiko miki a gora.